Tafasa a Bakin Shinge

Mutanen ƙasar Turawan nan suna da wata ɗabi'a da har yau na kasa sabawa da ita: duk abin da ya tsiro ba su suka shuka shi ba, to abokin gaba ne. Ranar Asabar da hantsi sai ka ji injinan yankan ciyawa sun tashi gida-gida, daga nan unguwarmu ta Summerfield har inda kunne ya kai, kowane magidanci ya hau nasa yana zagaye fili yana aske ƙasa, ya gama ya sauko ya riƙe ƙugu yana kallo kamar wanda ya nome gonar dawa. Ciyawar nan ba ci za su yi ba, ba kuma dabba za su ba, ado ne kawai. Da na zo sabuwa dariya suke ba ni. Nakan zauna a baranda in ce wa 'yata Ladi, wadda ta ɗauko ni daga gida bayan rasuwar babanta, "Waɗannan mutane yunwa ba ta taɓa gaishe su ba." Yanzu na daina dariyar. Ni ma na shiga sahun masu tuge-tuge, kuma abin da nake tugewa shi ne abin da ya raine ni.

Mu da muka tashi a ƙauye, rabin abincinmu na tsakiyar damina ba wanda ya shuka shi. Lokacin ne rumbu yake amsawa idan an buga shi, gero bai nuna ba, dawa ko kai ba ta fitar ba, maza suna gona tun asuba ba komai a cikinsu sai ruwan kunu. Ina iya tuna sautin gidanmu a irin waɗannan ranaku. Turmi yakan yi shiru, kuma shirun turmi a gidan da ke da yara abu ne mai tsorata manya. Sai kukan kwaɗi a kududdufi, sai ɗigar ruwa daga bakin jinka, sai tarin kakarmu, wadda muke ce wa Iya, shi ne ƙararrawarmu ta tashi. Idan ta yi tari sau biyu ba ki fito ba, na ukun da tsumagiya yake zuwa. Mu 'yan mata mu ɗauki ƙwarya mu bi bakin gonaki da bayan gari, raɓa tana jiƙa mana zane har gwiwa, muna tsinkar gasaya da lalo da yaɗiya, amma uwarsu duka ita ce tafasa. Ba ta da rowa. Juji, bakin hanya, tsohon garke, duk inda ta samu sai ta tashi, akuya ta shinshina ta wuce ta bar mana. A dafa a matse, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri a kwaɗa, kowa ya ci ya kora da ruwa ya samu na kaiwa gobe.

Iya ce ta koya mana ganye, kuma ba da lallashi ba. Takan kama hannunki ta ɗora a kan tsiron ta ce, "Ƙirga. Shida ne, bibbiyu suna kallon juna. Taɓa kan ganyen, a dunƙule yake, idan kin ji tsini ba naki ba ne. Murza ki kai hanci." Dalilin wannan tsanani shi ne tafasa tana da 'yar'uwa da ake ce wa rai ɗore, sukan tashi wuri ɗaya, furensu duka ruwan ɗorawa, amma ganyen rai ɗore mai tsini ne, mai wari, masu magani ne suka san yadda ake bi da shi. Idan damina ta ja baya kuwa ba a ruɗewa, don 'ya'yan tafasa dogaye ne sirara a lanƙwashe kamar lauje. Da yamma ganyenta yakan haɗe ya rufe, sai Iya ta ce, "Tafasa ta kwanta, ku kuma me kuke jira a waje?"

Akwai wata tsohuwa makauniya a maƙwabtanmu, Goggo muke ce mata, ba ta da kowa. Al'adar unguwa ce duk yarinyar da ta dawo daga tsinka ta zuba mata ɗan abin da ya samu a ƙwaryarta da take ajewa a bakin ƙofa. Wata rana hadari ya haɗo, ƙawayena sun cika nasu sun yi gaba, ni kuma lalaci ya sa na makara. Sai na ga rai ɗore a tsaye da manyan ganyenta masu saurin cika hannu, na ce ai Goggo ba gani take ba. Na tsiga na zuba mata na ruga gida. Kwana biyu tsohuwar nan tana gudawa, ga tsufa ga yunwa, har aka fara maganar a aika wa danginta na nesa. Ba wanda ya san wadda ta yi. Iya ba ta tambayi kowa ba, ta dai tara mu ta zauna tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa da ta iso kaina sai hawaye. Na zaci duka ne, har na fara karewa da hannu. Ta ce, "Tashi mu je." A hanya na roƙe ta ta faɗa a madadina, ta ce, "Ni rakiya na zo yi. Ba ni na tsinka ba." Na durƙusa a gaban tabarmar Goggo na faɗa da bakina, mata suna leƙowa ta kan danga. Goggo ta saurare ni har na gama. Can ta ce in matso, ta laluba fuskata, ta samu kunnena ta murɗe shi sai da na ga wuta, ta ce, "Daga gobe ke za ki riƙa kawo mini, ke kaɗai, har gero ya nuna." Na dawo gida kunne yana zogi, amma ban taɓa jin jikina sakayau irin na wannan yammaci ba. Haka ake yi a lokacin. Wanda ya yi ɓarna yakan je da ƙafarsa, a yi masa abin da za a yi masa, gobe kuma ku gaisa.

Nan kuwa ba danga, ba masu leƙowa. Gidan Ladi babba ne, filin bayansa ya isa gonar mutum guda, amma tun safe kowa ya shiga mota ya tafi, ita asibitin da take aikin jinya, jikokina makaranta, waɗanda in na yi musu Hausa su mayar mini da Turanci. Sai ni da firiji muna ta gurnani. Mutum ɗaya na samu a unguwar nan, wata tsohuwar Baturiya da filinta ya haɗa shinge da namu. Sunanta ya ƙi zama a bakina, sai na sa mata Mai Doki, don tana da wani tsohon doki ja mai fari a goshi, Ladi ta ce na marigayi mijin matar ne. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma kullum da hantsi mu haɗu a bakin shinge, ta yi surutunta in yi nawa, mu yi dariya, ta nuna mini gwiwarta mai ciwo in nuna mata tawa. Ta kawo mini tumatir, na kai mata ƙosai ta ci tana hawayen yaji tana ɗaga mini babban yatsa. Dokin ma ya san ni. Da ya ji ƙarar ƙofar baya sai ya taho ya ɗora haɓarsa a kan katako.

Tafasar ni na kawo ta, ba iska ba, ba tsuntsu ba. Wata Lahadi muna dawowa daga gaisuwar wata 'yar zumuntarmu ta coci a Pleasant Garden, sai na hango ta a bakin wata gonar waken soya, tsaye da laujenta, kamar an ɗauko ta daga bayan gidanmu. Na buga wa Ladi kafaɗa har ta kusa sakin sitiyari. Ta ce, "Mama, ba a parking a nan, gonar mutane ce!" Na ce ko gonar sarki ce sai ta tsaya. Na sauka da kayan coci na ƙirga ganye, na taɓa, na murza na kai hanci, sai ga ni ina kuka a bakin titi, motoci suna wucewa. Na cika jakata da busassun 'ya'yanta. Da sanyi ya wuce na watsa su a bayan ɗakin ajiyar kaya, can ƙuryar fili kusa da shinge inda injin yankan ciyawa ba ya kaiwa, gefen wurin da na shuka wake. Ta kuwa tashi ba gardama. Na sa aka sayo mini ƙuli-ƙuli a shagon 'yan Afirka da ke Gate City Boulevard, na yi kwaɗo na kai wa matan zumunta, wata 'yar Kafanchan ta ci ta rufe fuska da gyale. A shekarun da na yi a ƙasar nan, wannan ne karo na farko da na ji ni ma na san wani abu da ake bukata.

A shekara ta biyu tafasar ta yi yawa har ta shiga cikin waken. Ruwa ya ɗauke da wuri, filin Mai Doki ya bushe ƙurmus, dokin yana ta kartar ƙasa. A gida, in ka roro wakenka, harawar ta dabbar maƙwabci ce in ba ka da taka, ba a tambaya, ba a godiya, jefawa kawai ake yi ta kan danga. Na tuge harawar nan tare da karan tafasa da suka sarƙe da ita, da busassun 'ya'yansu da komai, na tara a inuwa, kowace safiya in jefa masa runguma guda ta can ƙurya. Ban ga abin faɗi a ciki ba. Shekara nawa ina ganin dabbobi suna yawo cikin tafasa ban taɓa jin ta kashe ko ɗan akuya ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne dabbar da ke yawo zaɓa take yi, ta shinshina ta wuce. Shi wannan ni na cuɗa masa ita cikin abin da yake so, ga yunwa, ga shi ya yarda da hannuna. Wajen mako biyu yana ci. Sai ya daina zuwa shinge, sai na hango shi yana tangaɗi kamar mashayi, sai motar likitan dabbobi ta zo ta koma ta sake zuwa. Ranar da aka kawo injin haƙa rami don a binne shi ina tsaye a taga.

Bayan kwana uku Mai Doki ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, idanunta sun kumbura, da waya a hannu. Ta nuna wa Ladi hoto tana bayani. Ni ko ba a fassara ba na ga hoton, lauje ne da ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi. Ladi ta juyo, fuskarta ta sauya, ta ce mini a hankali, "Likita ya samu wannan a cikinsa. Ta ce sicklepod suke ce mata, guba ce ga doki, musamman 'ya'yan. Suna zaton cikin busasshiyar ciyawar da take saya ta zo. Ta zo ne ta yi mana warning saboda yara." Wato matar nan da ta binne abin da mijinta ya bar mata, tunanin jikokina ne ya taso ta. Na durƙusa a gabanta a kan tabarmar ƙofa na faɗa mata duka, tun daga bakin gonar soya har harawar da nake jefawa, na ce ni ce, ba mai sayar da ciyawa ba, ta yi mini duk abin da ta ga dama. Na daɗe ina magana. Ladi ta juya maganar da numfashi ɗaya, a ciki na tsinci "sorry" kawai. Mai Doki ta sunkuya da gwiwarta mai ciwo ta ɗaga ni ta rungume, tana bubbuga mini baya tana lallashina.

Da ta fita na ce, "Ladi, me kika faɗa mata?"

"Na ce kina yi mata ta'aziyya."

"Shi na ce?"

"Mama, please. Nan ba ƙauye ba ne. In kika ce ke ce, ko ita ba ta so ba, 'ya'yanta za su kawo lauya. Za su yi suing ɗinmu a kotu, gidan nan da aikina duk su shiga ciki. Ba a cewa ni ce a ƙasar nan. Ko hatsarin mota ka yi, abu na farko da ake gaya maka ke nan."

"To mutum ya yi ɓarna, ina zai kai ta?"

"Ki kai wa Allah, Mama. Dokin ba zai dawo ba."

Ban ga laifinta ba, kuma wannan ne ya fi cin raina. Yarinyar nan ta yi shekaru tana tsaye a kan marasa lafiya kafin ta samu rufin nan, ba ni zan zo da tsufana in yaye mata shi ba. A ranar ta sa aka haƙe bayan ɗakin ajiya, aka shimfiɗa baƙar leda aka danne da bulo. Na kai wa Allah kamar yadda ta ce, na kai na sake kaiwa, amma Allah ba shi ne mai dokin da nake gani kowace safiya ba.

Da zafi ya dawo sai ga tafasa ta fito a filin Mai Doki, duk inda dokin ya yi kashi kafin ya mutu, da duk ƙuryar da nake jefa harawa. Wani malamin gona ya zo ya duba, Ladi ta fassara mini abin da ya ce. Wai ita ma ba 'yar nan ba ce, daga ƙasashe masu zafi ta hauro, manoman soya da auduga sun tsane ta. Wai a tuge ta da saiwa tun tana ƙarama, bayan ruwa lokacin da ƙasa ke da laushi, kada a bari ta yi fure balle ta ɗaura 'ya'ya. In ta riga ta ɗaura kada a bi ta da inji, watsa ta zai yi, a yanke a zuba a leda a ɗaure, kada kuma a zuba cikin taki. Ya ƙara da cewa ƙwayarta tana da taurin ɓawo, takan kwanta a ƙasa shekara da shekaru tana jira, don haka ba aikin bana ba ne, ba na baɗi ba. Na ce a raina, yaro, ni za ka gaya wa haƙurin tafasa.

Matsalar Mai Doki ita ce ba ta gane ta sai ta girma, tana ta tuge ciyawar da ba ruwanta. Ni kuwa tun tana ganye biyu zagayayyu a kan ƙasa na san ta. Wata safiya na kasa jurewa, na nuna mata da sanda ta tsakanin katako, nan, da nan, da can. Ta buɗe mini ƙaramar ƙofar shinge. Daga ranar, duk bayan ruwa, mu biyu muke bin filin nan a sunkuye, tsofaffi biyu da gwiwoyi huɗu ba ko ɗaya mai kyau, ta riƙe leda ina tugewa. In ta ga wani tsiro ta ɗaga ta tambaye ni da ido, in murza in kai hanci in gyaɗa kai ko in girgiza. Ta gaya wa Ladi wai ba ta san yadda za ta yi ba da ba ni, wai Allah ne ya haɗa ta da maƙwabciya mai ido irin nawa. Ladi ta fassara mini wannan duka, ba ta rage komai ba, tana kallon ƙasa. Zafi biyu muka yi a haka. Mu share fili tas, a yi ruwa kwana biyu, mu dawo mu tarar ta sake fitowa kamar ba a taɓa ta ba.

Kada in yi ƙarya in ce Turanci ne ya hana ni. A waɗannan safiyoyi ba Ladi a kusa, daga ni sai ita. Na san yadda suke ce wa doki, na san yadda ake cewa ni, ina da hannu biyu da zan nuna jifa ta kan shinge, kurma ma zai gane. Sau da yawa na miƙe na buɗe baki. Sai in hango rufin gidan 'yata ta kan kafaɗarta, da kekunan jikokina jingine a bango, in sake sunkuyawa in ce mata ga wata nan. A dā tsoron tsumagiya ne kaɗai yake tsakanin mutum da faɗin gaskiya, kuma jikinka ne zai sha. Yanzu wanda zai sha ba shi ya yi laifin ba. Ban san wanda ya tsara duniya haka ba, amma na san ba a yi ta don irina ba, kuma ban ga alamar za ta koma ba.

Bana 'ya'yan Mai Doki suka zo suka ce zaman ya isa, fili ba doki, uwa ba ƙafa, za su kai ta kusa da su a wata jiha mai nisa. Aka kafa allon sayar da gida a bakin titi, ba a daɗe ba aka ce an saya. Ranar tafiya babbar mota ta cika, tsohuwar ta taho bakin shinge da sandarta ta kira ni. Ladi tana wurin aiki. Na fito na tsaya a gabanta, na ce yau kam ko me zai faru ya faru. Ta kama hannuwana biyu, ta juya tafin tana shafa inda tuge-tuge ya yi mini kanta, ta yi magana mai tsawo tana kuka, ta sumbaci hannun dama, wanda da shi nake jifa. Ɗanta ya danna ham daga cikin mota. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Bye-bye."

Ta ɗaga mini hannu ta taga har suka sha kwana, ni ma na ɗaga mata. Ba ni da lambarta, ban san sunan garin ba, kuma a shekarunmu ba a cewa sai wata rana. Ta tafi tana ganina mutuniyar kirki, kuma haka za ta mutu tana gani.